Farashin Elektiron Guda: Tarihin Lambar da Ta Tona Asirin Jadawalin Sinadarai

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya san jadawalin nan mai gida-gida da ake liƙawa a bango, wato jadawalin sinadarai. Da yawanmu kuma mun haddace wata jimla saboda WAEC ko NECO: makamashin cire elektiron yana ƙaruwa in aka bi layi daga hagu zuwa dama, yana raguwa in aka gangara daga sama zuwa ƙasa. Jimlar tana kawo maki, kuma akasari gaskiya ce. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne an ɗauki fiye da shekara 50 kafin a iya rubuta ta da hujja. A cikin waɗannan shekaru akwai mutum biyu da suka ci kyautar Nobel da gwajin da su kansu suka fassara ba daidai ba. Akwai matashin da harsashi ya ɗauke yana da shekara 27. Akwai kuma ɗan mai kanti daga wani ƙauyen Bengal da ya ɗauki wannan ma'auni ya warware ruɗanin da ke cikin hasken rana.

Mai karatu zai lura da abu guda yana ta dawowa a wannan tarihi. Kusan a kowane mataki akwai wata lamba da ta ƙi bin ƙa'idar da aka shimfiɗa, kuma wanda ya tsaya ya tambayi dalilinta shi ne ya buɗe ƙofa ta gaba.

Mene ne ake aunawa?

Duk abin da muke taɓawa, gishiri ne ko ƙarfe ko iska, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya mai ɗauke da furoton, masu cajin tarawa. A kewayenta akwai elektiron, masu cajin ɗebewa. Cajin nan biyu suna jan juna, shi ya sa elektiron ba ya kama gabansa haka kawai. In kana son raba shi da ƙwayar sai ka biya. Makamashin da za a kashe a fizge elektiron mafi sauƙin fita daga ƙwaya guda, tana ita kaɗai a yanayin iska, shi ake kira makamashin cirewa. A nan zan riƙa ce masa farashi, don a rage wa baki aiki.

Ana auna shi da elektiron-bolt, wanda ake taƙaitawa eV. Shi ne makamashin da elektiron guda ke samu in bolt ɗaya ya tura shi. Batirin tocila, alal misali, bolt 1.5 ne. Sinadarin da ya fi kowane tsada shi ne hiliyam, eV 24.6. Mafi araha shi ne siziyam, eV 3.9. Sauran sinadaran da aka auna duk suna tsakanin waɗannan biyu.

Jadawalin da ba a san dalilinsa ba

A 1869 Dmitri Mendeleev, malami a Jami'ar Santa Fitasbag ta Rasha, yana rubuta wa ɗalibansa littafin karatu, yana neman hanyar da zai jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin. Ya jera su bisa nauyin ƙwayarsu, sai ya ga halayensu suna komowa bayan wani tsakani. Litiyam, sodiyam da fotasiyam duk ƙarafa ne masu laushi da ke tafasa in sun taɓa ruwa. Fulorin, kulorin da buromin duk masu kama ƙarfe ne su zama gishiri. Ya sa masu kama da juna a rukuni ɗaya, inda kuma babu wanda ya dace sai ya bar gurbi, ya ce za a gano mai shi.

Aka kuwa gano. A 1875 Lecoq de Boisbaudran na Faransa ya samo galiyam, ya auna nauyinsa ya ce ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeleev, wanda ko ganin ƙarfen bai taɓa yi ba, ya aika cewa a sake aunawa, don lissafinsa ya ba shi wajen 5.9. Da aka tace ƙarfen aka sake aunawa, 5.9 aka samu. Sikandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne ya shige gurbin da aka bar masa.

Duk da haka, jadawalin yana aiki ne ba tare da wani ya san dalili ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hali: manhaja tana ba da amsa daidai, amma ba wanda zai iya bayyana yadda take yi, saboda haka ba wanda ya san ranar da za ta ba da kunya. Alamun matsala kuwa suna nan. Teluriyam ya fi ayodin nauyi, amma halayensu sun tilasta a sa teluriyam a gaba, sai Mendeleev ya ɗora laifin a kan masu awo. A 1894 Rayleigh da Ramsay a Ingila suka ciro agon daga iskar da muke shaƙa, wata iska da ba ta haɗuwa da komai, kuma babu gurbinta a jadawali. Da farko Mendeleev ya yi zaton naitirojin ce da ta sauya kama. Kafin ƙarshen 1898 an samu hiliyam, niyon, kirifton da zenon, dole aka ƙara rukuni sukutum domin su. Mendeleev ya rasu a 1907 bai saki jiki da batun cewa ƙwayar zarra tana rabuwa ba, alhali a nan amsar tambayarsa take.

An leƙa cikin ƙwayar zarra

J. J. Thomson ya gano elektiron a Kambirij a 1897. A 1911 Ernest Rutherford a Manchesta ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwaya yana dunƙule ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya. A 1913 wani matashi ɗan Denmak, Niels Bohr, ya kawo shawarar da ta saɓa wa duk abin da aka sani: elektiron ba ya zama inda ya ga dama, yana da matakai ƙayyadaddu kamar na tsani, yana iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan amma ba ya tsayawa a tsakani. Da alƙalami da takarda Bohr ya lissafa abin da za a biya a fitar da elektiron ɗin haidurojin daga matakin ƙasa zuwa waje gaba ɗaya, ya samu wajen eV 13. Awon yau 13.6 ne.

A wannan shekara Henry Moseley, shi ma daga ɗakin gwajin Rutherford, ya riƙa harbin ƙarafa da elektiron yana auna hasken eksire da ke fitowa. Ya ga hasken yana sauyawa daki-daki, mataki ɗaya daga kowane sinadari zuwa na gaba. Abin da ke ƙaruwa da ɗaya-ɗaya shi ne cajin cibiya. Nan take matsalar teluriyam ta warware: cajinsa 52, na ayodin 53. Masu awo ba su yi kuskure ba, nauyi ne bai dace a jera da shi ba tun farko. Moseley ya kuma nuna guraben da suka rage a lamba 43, 61, 72 da 75. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya shiga soja, aka harbe shi a Galifoli ta Turkiyya ranar 10 ga Agusta, 1915.

Yanzu an san yawan elektiron da kowace ƙwaya ke da shi. Saura a san yadda suke zaune, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ja ɗaya a ga ƙarfin riƙon da aka yi masa.

Bolt 4.9

A Barlin, James Franck da Gustav Hertz sun daɗe suna wannan aiki. A 1914 suka cika wani bututun gilashi da tururin zaiba. A gefe ɗaya akwai waya mai zafi da ke fitar da elektiron, a ɗaya gefen akwai faranti da ke karɓarsu, su kuma suna ƙara bolt kaɗan-kaɗan suna duba yawan wutar da ke isa. Wuta ta yi ta hawa har bolt 4.9, sai ta faɗi warwas. Ta sake hawa, ta sake faɗuwa a 9.8, haka kuma a 14.7. Ma'ana, elektiron mai ɗauke da ƙasa da eV 4.9 yana karo da ƙwayar zaiba ya wuce da makamashinsa cif, amma da zarar ya kai 4.9 sai ƙwayar ta karɓe duka.

Franck da Hertz suka rubuta cewa sun auna farashin zaiba. A lokacin ba su ma karanta aikin Bohr ba, kamar yadda Franck ya faɗa da bakinsa daga baya. A 1915 Bohr ya duba layukan hasken da zaiba ke fitarwa, ya ce lambar ba ta dace ba: farashin gaskiya dole ya haura 10, kuma 4.9 kuɗin hawa mataki ɗaya ne kawai, elektiron ɗin yana nan cikin gida bai fita ba. Mutanen Barlin suka ƙi yarda. Yaƙi kuma ya raba su da ɗakin gwaji, domin dukansu sun shiga rundunar Jamus mai amfani da iskar guba, Hertz ma ya samu mummunan rauni.

Aka raba gardamar a 1917 a Jami'ar Kolombiya da ke Niyu Yok. Bergen Davis da Frederick Goucher suka gane inda gizo ke saƙar. Ƙwayar zaiba da ta hau mataki tana saukowa ta saki wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana bugun farantin na'ura ya fitar da elektiron daga jikinsa, sai na'ura ta nuna wuta kamar an fizge wa zaiba elektiron. Suka gyara na'urar yadda za ta bambance wutar biyu, suka samu farashin zaiba a 10.4. Zuwa 1919 Franck da Hertz sun amince, kuma kyautar Nobel ta 1925 da aka ba su saboda gwajin nasu ne, wanda ya zama hujja mafi bayyana cewa matakan Bohr gaskiya ne. Awonsu daidai ne tun ranar farko, sunan da suka ba shi ne ya kauce.

Daga nan aka samu hanya biyu da ke gaskata juna: harbi da elektiron, da kuma karanta layukan haske. A shekarun 1920 lambobi suka yi ta taruwa, sinadari bayan sinadari.

Haƙoran zarto

In aka zana waɗannan lambobi a takarda, siffar da ke fitowa kamar bakin zarto take. Haidurojin 13.6, hiliyam 24.6, sai faɗuwa zuwa litiyam 5.4. Daga nan a yi ta hawa: kabon 11.3, fulorin 17.4, niyon 21.6. Sai wata faɗuwar zuwa sodiyam 5.1, a sake hawa zuwa agon 15.8, a sake faɗowa fotasiyam 4.3. Kowane tsini iska ce daga cikin waɗanda ba sa haɗuwa da komai. Kowane kwari ƙarfe ne daga masu tafasa a ruwa. Komowar da Mendeleev ya gani a halaye, ga ta nan a lamba guda.

Dalilin kuwa bai da wuya. Elektiron suna zaune ne hawa-hawa, kuma na ciki suna tare wa na waje jan cibiya. Litiyam yana da furoton 3, amma elektiron biyu na hawan ciki sun yi shamaki, na wajen yana jin jan da bai wuce na 1.3 ba, bisa ƙiyasin da John Slater ya tsara a 1930. In aka nufi dama, furoton na ƙaruwa, sabbin elektiron kuwa a hawa ɗaya suke zama, kuma maƙwabta a hawa ɗaya ba sa kare juna sosai. Kafin a kai fulorin jan ya haura 5, ƙwaya ta tsuke, farashi ya tashi. In kuma aka gangara ƙasa, kowane layi sabon hawa ne, nesa da cibiya, bayan ƙarin shamaki. Shi ya sa daga litiyam 5.4 ake sauka zuwa sodiyam 5.1, fotasiyam 4.3, rubidiyam 4.2, siziyam 3.9.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, wato a ci gaba da cirewa bayan na farko. Elektiron na farko na sodiyam 5.1 ne, na biyu 47.3. Na magnisiyam 7.6 ne, sai 15.0, sai 80.1. Wannan tsalle yana nufin hawan waje ya ƙare, an fara taɓa na ciki. Shi ya sa sodiyam elektiron ɗaya tak yake bayarwa, magnisiyam biyu. Sodiyam ɗin da ke cikin gishirin Bilma, da wanda ke cikin kanwar da ake sa wa miya, duk ya riga ya ba da ɗayan nan. Saboda arahar tasa ne ba a taɓa haƙo shi zalla a ƙasa ba, sai da Humphry Davy ya raba shi da wutar lantarki a 1807.

Sai mu zo inda jimlar jarrabawa ta karye. Beriliyam 9.3 ne, amma boron da ke damansa 8.3. Naitirojin 14.5 ne, oksijin da ke damansa 13.6. Da sau ɗaya abin ya faru, da sai a zargi na'ura. Amma a layi na gaba, a gurabe iri ɗaya, ya sake faruwa: magnisiyam 7.6, alminiyam 6.0; fosforas 10.5, farar wuta 10.4. A aikinmu, matsalar da ke tasowa a wuri ɗaya kullum tana nuna maka yadda aka gina abin ne daga ciki.

Bayanin ya fito ne daga masu nazarin layukan haske. A 1924 Edmund Stoner, ɗalibin bincike a Kambirij, ya nuna cewa kowane hawa ya kasu sassa: hawa na biyu mai ɗaukar 8 ya ƙunshi sashe mai 2 da sashe mai 6. A 1925 Wolfgang Pauli ya karanta aikin Stoner ya fitar da ƙa'idarsa, wadda ke nufin ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar fiye da elektiron biyu. A daidai wannan lokaci Friedrich Hund a Jamus ya gano yadda ake cika ɗakunan. Sashe mai 2 ɗaki ɗaya ne, kuma a beriliyam ya cika. Elektiron na biyar na boron dole ya koma sashe mai 6, wanda matakinsa ya ɗan fi tsawo, saboda haka ya fi sauƙin fita. Sashen mai 6 kuwa ɗaki uku ne, kuma kowane sabon shiga ɗakin da ba kowa yake fara nema. Boron, kabon da naitirojin sun kama ɗaya-ɗaya. Na oksijin ya tarar babu ɗakin banza, dole ya raba da wani, alhali masu caji iri ɗaya tunkuɗar juna suke yi. Wanda ke zaman takura ba ya wuyar fitarwa.

Har galiyam ɗin Mendeleev yana da nasa taurin kan. Yana ƙarƙashin alminiyam, ya kamata ya fi shi araha, amma 6.00 ne a kan 5.99. Kafin a iso gare shi an wuce ƙarafa goma, irin su ƙarfe, jan ƙarfe da tutiya, waɗanda suka ƙara furoton goma a cibiya, elektiron ɗinsu kuwa ba su iya shamaki sosai ba.

Daga Kalkata zuwa rana

An haifi Meghnad Saha a 1893 a wani ƙauye kusa da Daka, a Bangaladash ta yau, mahaifinsa mai ƙaramin kanti ne. Yana koyarwa a Jami'ar Kalkata lokacin da ya ci karo da wata tambaya da ta dami masana taurari. Kowane sinadari yana barin nasa layuka a cikin haske, kamar zanen yatsa. To amma a hasken rana ba a ga na rubidiyam da siziyam ba, kuma taurari sun sha bamban a layukansu har wasu na zaton kowanne da irin kayan da aka gina shi.

A 1920 Saha ya fitar da lissafin da ya haɗa abu uku: zafi, matsi, da farashin elektiron. In ka san ukun, za ka san kashi nawa na ƙwayoyin sinadari suka rasa elektiron ɗinsu. Ƙwayar da ta rasa elektiron kuwa layukanta sauyawa suke yi. Saha ya ce rubidiyam da siziyam suna nan a rana, arahar su ce ta sa zafin ya tuɓe su gaba ɗaya, kuma a duba tabon rana, inda ya fi sanyi. Henry Norris Russell na Amurka ya duba, ya ga layukan rubidiyam.

Cecilia Payne, 'yar Ingila mai karatun digirin digirgir a Habad, ta ɗauki wannan lissafi ta bi hotunan hasken taurari da shi. A 1925 ta nuna cewa bambancin layukan taurari bambancin zafi ne, kayan gininsu kusan ɗaya ne. Ta kuma samu wata lamba mai ban tsoro: haidurojin da hiliyam sun rinjayi komai nesa ba kusa ba. A lokacin kowa ya ɗauka kayan rana irin na ƙasa ne. Russell ya ce mata hakan ba zai yiwu ba, sai ta bar lambar a kundinta amma ta rubuta cewa da wuya ta zama gaskiya. A 1929 Russell da kansa ya bi wata hanya ya iso ga amsarta. Yau an san kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidurojin ne, mafi yawan sauran kuma hiliyam.

Ranar da zenon ya miƙa wuya

Da aka fahimci tsinin zarto, sai littattafai suka mayar da shi doka: iskokin rukunin ƙarshe hawansu cike yake, ba za su taɓa haɗuwa da komai ba. Amma rukunin nan ma yana bin gangara: niyon 21.6, agon 15.8, kirifton 14.0, zenon 12.1. Farashin zenon ya gaza na oksijin da naitirojin, lambar kuwa tana cikin littattafan da ke cewa ba zai yiwu ba. A 1933 Linus Pauling ya ce zenon zai iya haɗuwa da fulorin, aka gwada a Kalifoniya ba a dace ba, aka bar zancen kusan shekara 30.

Neil Bartlett, ɗan Ingila mai koyarwa a Jami'ar Biritish Kolombiya ta Kanada, yana aiki da wata jar iska ta haɗin filatinam da fulorin, sai ya gano tana da ƙarfin da take fizge elektiron daga tagwayen ƙwayoyin oksijin da muke shaƙa. Farashin tagwayen nan wajen eV 12 ne. Bartlett ya lura cewa na zenon ma nan yake. Ranar Juma'a 23 ga Maris, 1962, ya fasa shingen gilashin da ke tsakanin jar iskar da zenon marar launi, nan take wani gari mai ruwan ɗorawa ya kwanta a jikin kwalbar. Kafin shekarar ta fita wasu ɗakunan gwaji sun haɗa zenon da fulorin kai tsaye, aka shiga gyaran littattafai. Bartlett bai auna sabuwar lamba ba. Tsofaffi biyu ya ajiye kusa da juna.

Lissafi, da gindin jadawali

Tsarin Bohr na farko ya yi daidai a haidurojin, amma ya gaza a hiliyam mai elektiron biyu kacal. Bayan Erwin Schrödinger ya fitar da lissafinsa a 1926, hiliyam ya zama zakaran gwajin dafi. A 1929 Egil Hylleraas ɗan Nowe, da injin lissafi na kan tebur, ya samu amsar da tazararta da awo ba ta wuce wajen eV 0.01 ba. Ga ƙwayoyi masu elektiron da yawa kuwa, Douglas Hartree na Ingila ya kawo dabara a 1928: ka yi hasashen inda elektiron suke, ka lissafa jan da kowanne ke ji daga sauran, ka fitar da sabon wurin zamansu, ka maimaita har amsa ta daina sauyawa. Duk mai rubuta manhaja zai gane wannan zagaye. Hartree ba shi da kwamfuta, mahaifinsa William ne ke taya shi lissafin da hannu. A 1934 shi da ɗalibinsa Arthur Porter suka haɗa injin lissafi da ƙarafan wasan yara na Meccano. Manhajojin da ake lissafin sinadarai da su a yau jikokin wannan zagaye ne.

A gindin jadawali ƙa'ida ta sake karyewa. Faransiyam, wanda Marguerite Perey ta gano a Faris a 1939, yana ƙarƙashin siziyam, amma farashinsa 4.07 ne a kan 3.89. Cibiya mai furoton 87 tana sa elektiron gudun da ya kai wani babban kaso na gudun haske, a nan kuwa sai lissafin Einstein ya shigo, hawan ya tsuke, riƙo ya ƙaru. A 2015 masu bincike a Tokai ta Jafan suka auna lorensiyam, sinadari na 103, wanda sai an ƙera shi ƙwaya-ƙwaya, kuma rabin abin da aka ƙera yake rushewa cikin daƙiƙa 27. Lissafin kwamfuta ya ba da 4.963, awo ya ba da 4.96. Sakamakon ya sake tayar da tsohuwar muhawara kan gidan da ya kamata lorensiyam ya zauna. Shekara 146 bayan Mendeleev, ba a gama jera jadawalin ba.

Wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta tana aiki ne da litiyam, ƙarfe mafi rashin nauyi, wanda sauƙin sakin elektiron ɗinsa na waje yana cikin dalilan da suka sa ake batir da shi, kuma shi ne ake haƙa yanzu a Nasarawa da Kaduna. Ga ɗalibi ko malami, ga wani aiki da ba ya cin ko sisi: a nemo farashin sinadarai 20 na farko, a zana su a takardar lissafi, a haɗa ɗigon da layi. Zarto zai fito, da 'yan giɓi biyu a kowane dogon haƙori. A ajiye haddar a gefe, a tambayi aji dalilin giɓin nan.